Ihu Biyu: Nazarin Al'adar Ɗaukar Fuskokin Masu Kallon Game of Thrones

Daren Lahadi, 2 ga Yuni, 2013, tashar HBO ta Amurka ta haska kashi na 9 na zango na uku na shirin Game of Thrones, wanda aka gina kan littattafan George R. R. Martin. A nan ne Walder Frey ya karɓi Robb Stark da mahaifiyarsa Catelyn a bikin aure, ya ba su gurasa da gishiri, alamar sun shiga amanar maigida. Can sai aka rufe ƙofar zaure, makaɗa suka sauya take. Catelyn ta ɗaga hannun rigar Roose Bolton, ɗaya daga cikin mutanen ɗanta, ta ga sulke a ƙasa. Kafin ta ankarar da ɗanta sosai, an soma daɓa wa matarsa Talisa wuƙa, tana da juna biyu. Aka gama da su duka, sunayen 'yan wasa suka biyo baya babu ko kiɗa.

Waɗanda suka karanta littafin A Storm of Swords, da ya fito a 2000, sun daɗe da sanin abin da ke tafe. Maimakon su tsegunta, sai suka kafa wayoyinsu suna ɗaukar fuskokin matansu, abokansu da iyayensu. Washegari YouTube ya cika da su: wata ta toshe baki da hannu biyu, wani ya miƙe ya bar ɗakin ya sake leƙowa, mai ɗaukar kuma yana ƙunshe dariya. Har Martin kansa an nuna masa wasu a shirin Conan O'Brien. Irin wannan bidiyo ya girmi wannan dare, amma daren ne ya mayar da shi al'adar da ta riƙa bin kowane kashi na shirin.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Kyamara na kallon mai kallo, allon talabijin kuma ba a nuna shi, ko a matse shi a kusurwa saboda haƙƙin mallaka. Daɗin yana ga wanda ya riga ya sani. Firgicin farko ba ya maimaituwa, don haka yake aron na wani. Akwai kuma neman abokin makoki, domin wanda ya kalla shi kaɗai a ɗaki yana son tabbatar da cewa ba shi kaɗai abin ya girgiza ba.

Sai dai da al'adar ta zama sana'a, ta rasa wani abu. Mutanen 2013 da yawa ba su san abin da ake jira a fuskarsu ba. Waɗanda suka biyo baya, masu tashoshi na musamman da taron da ake ɗauka a mashayar Burlington ta Chicago, sun san ana kallonsu, sun kuma san ihu ne ke kawo masu kallo. Ga babbar matsala: kyamara na ɗaukar ƙarfin ihu, ba ta bambance dalilinsa.

Shekarar 2019 ta fito da wannan fili. Ranar 12 ga Mayu, a kashi na 5 na zangon ƙarshe, Daenerys Targaryen ta ji ƙararrawar miƙa wuya na birnin King's Landing, amma ta hau dodonta ta ƙone birnin da talakawansa. A bidiyo, fuskokin kusan iri ɗaya ne da na 2013. Abin da ya biyo baya ne ya bambanta. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta Change.org, suna neman a sake zangon da wasu marubutan ba David Benioff da D. B. Weiss ba.

Me ya raba dararen biyu? Wanda ya koma baya zai tarar Robb ne ya haƙa raminsa. Ya yi wa Frey alkawarin auren 'yarsa don a bar shi ya ƙetare gada, ya saɓa. Ya fille kan Rickard Karstark, ɗaya daga cikin masu mara masa baya, dakarun gidan Karstark suka watse, dole ta mayar da shi hannun wanda ya wulaƙanta. Mai kallo ya yi kuka, daga baya ya yarda abin ya dace da labarin. Ita ma Daenerys an ga alamun zafin zuciyarta tun da wuri, amma shirin ya riga ya wuce littattafan Martin, an kuma rage zangon daga kashi goma zuwa shida. Sauyin da ke buƙatar lokaci aka cusa shi cikin kashi biyu ko uku.

Saboda haka bidiyon firgici shaida ce mai kyau kan yadda dare ɗaya ya kasance, amma ba ma'aunin ingancin labari ba ce. Kashin ƙarshe, na 19 ga Mayu, ya tara masu kallo miliyan 19.3 a darensa, mafi yawa a tarihin shirin, duk da haka makinsa a IMDb bai kai biyar cikin goma ba, alhali na bikin Frey yana 9.9. Marubucin da ke farautar ihu zai same shi. Yardar masu kallo kuwa sai wanda ya gina dalili kafin ya girgiza su.