Zaure ɗaya ya fi masu gadi biyar: jinjina ga Firefox 4

Duk wanda ya san ni a Kwanar Ɗangora ya san ba a zagin Firefox a gabana. Yaran shagona har tsokanata suke yi, wai da burauza mace ce da tuni na kai kuɗin gaisuwa. Ban musa ba. Abin da ya sace mini zuciya kuwa wani aiki ne da aka yi can cikin hanjinta, inda ido ba ya kaiwa, ya fito tare da Firefox 4 ranar 22 ga Maris, 2011. Har yau in na tuna shi sai na ji kamar in miƙe in yi tafi.

A shago irin nawa kwamfuta ɗaya ce ke hidimar kowa. Ga shafin banki a buɗe ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, ga na JAMB, ga na ƙwallo da yaro ya buɗe a ɓoye, tallace-tallace sun yi masa rumfa. Kowane shafi yana ɗauke da nasa umarnin cikin JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Tun zamanin Netscape ɗin aka kafa doka cewa shafi ba ya taɓa kayan wani shafin da ba asalinsu ɗaya ba. To amma a wancan lokacin Firefox tana da nata ƙarin ciwon kai, domin fuskarta, da maɓallanta da ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, duk da JavaScript aka rubuta su, kuma su mabuɗin kwamfutar gaba ɗaya ne a hannunsu. Maigida da baƙo harshe ɗaya, tsakar gida ɗaya. A watan Yulin 2005 Mark Pilgrim ya nuna inda abin zai iya kaiwa, da ya gano cewa ta hanyar Greasemonkey, ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin nan, mugun shafi na iya karanta fayilolin da ke cikin kwamfutar mutum.

Maganin da aka yi ta bayarwa shi ne ƙunshi. In za a miƙa wa wani ɓangare kayan wani, sai a naɗe shi cikin wani abu mai tsare shi. Aka yi XPCNativeWrapper, aka yi XOW, aka yi SJOW, aka yi COW da SOW. Biyun ƙarshen nan ma a Turance saniya da aladiya suke nufi, ka ga su kansu masu aikin sun san abin ya zama garke. Kowane ƙunshi da nasa dokokin, kayan kowa kuma jibge wuri guda, kuma sai mai rubuta manhaja ya tuna inda ya kamata ya naɗe. Ya manta sau ɗaya, ɓarawo ya samu kafa. Gida ne babu katanga, an zuba masa masu gadi biyar, kowa na kallon gabansa.

Sai Andreas Gal da Blake Kaplan da abokan aikinsu a Mozilla suka yi abin da kakanninmu suka daɗe da sani. Suka zagaye kowa da katanga, suka bar zaure ɗaya. Kayan kowane asali aka ware masa sashensa, aka kafa ƙa'ida guda tal: abin da ke wannan sashe ba ya miƙa hannu kai tsaye zuwa wancan, sai ta ƙunshi. Wallahi kyawun abin ke nan! Ka je kowane gida a Kiru ko Bebeji, za ka tsaya a zaure ka yi sallama, yaro ya leƙo, ya koma ciki yana cewa wai ana sallama da maigida. Ba a sa wa ɗakin uwargida maigadi ba, ba a sa wa rumbu ba, don babu hanyar kaiwa gare su sai ta nan. Mutanen gida kuma suna shige da ficensu tsakanin ɗakuna ba mai tambayarsu, shi ya sa burauzar ta ƙara sauri, tunda an daina binciken ɗan gida.

A zauren ake duba waye ya zo, wajen wa ya zo, a zaɓar masa ƙunshin da ya dace. In ɗan gida ne, wuce abinka. In baƙo ne daga wani asali, ɗan abin da aka yarje masa kaɗan ne, kamar ya bar saƙo. In shafi ne ke son leƙa kayan burauzar kanta, ƙofa a rufe ruf.

Ƙunshi na huɗu shi ne masoyina, wanda suka sa wa suna Xray, wato hoton ƙashi irin na asibiti. Shi ne na lokacin da burauza ke son duba kayan shafi. JavaScript harshe ne mai sakin fuska, yana barin shafi ya sauya ma'anar kayan aikin da aka ba shi, ya ajiye na bogi da suna iri ɗaya. Duk wanda ya taɓa sayen masara a kasuwannin Tudun Wada ko Doguwa lokacin kaka ya san dalilin da ƴan kasuwa ke zuwa da tiyarsu. Kwano ne ka gan shi lafiya lau daga sama, ka juya gindinsa ka tarar an bubbuge shi ya shige ciki. Da Xray, burauza ba ta auna komai da kwanon shafi. Tana hango ainihin abin da ita ta ƙera tun farko, duk kwaskwarimar da shafi ya yi kamar ba a yi ba. Kai, wanda ya yi tunanin nan Allah ya yi masa albarka.

Sannan ga gyara a kan ciniki. Da aka san iyakar kayan kowa, shara ta yi sauƙi, ana iya kwashe tarkacen sashe ɗaya ba a tsayar da sauran ba. A Firefox 15, cikin Agustan 2012, kowace taga ta samu sashenta, kuma Kyle Huey ya kawo dabarar da in ka rufe shafi ake datse igiyoyin da ƙananan manhajoji ke riƙe shi da su. Mu masu tsofaffin kwamfutocin gwanjo daga titin Beirut a Kano, masu aiki da janareta ana ƙirga litar fetur, mu muka san daɗin wannan. Na'urar da a da take fara nishi kafin azahar sai ga ta ta kai la'asar garau.

Na sani, a yankinmu Chrome da Opera Mini ne a wayar kusan kowa, kuma bayan ɓullar matsalar Spectre a 2018 katangar cikin gida ta kasa wadatarwa, sai da aka koma raba wa shafuka gidaje daban-daban. Wannan bai rage mini komai ba. Zauren 2011 yana nan yana aiki a Firefox ɗin yau. Mai shago ɗan'uwana, sauke ta a kwamfutarka, buɗe shafuka biyar, ka rubuta about:memory a wurin adireshi, ka danna maɓallin awo, ka ga yadda aka ware wa kowa kayansa.