Dinya da Baƙinta a Ruwan Bakalori

Duk wanda ya ce babu abin kallo a Birnin Tudu bayan girbi, wallahi bai taɓa yin sammako zuwa bakin ruwa da hunturu ba. Ni dai tsuntsayen nan sun gama da ni, kuma ba na neman magani.

Tun da aka kammala madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ya daina ƙaura daga yankin nan da rani. Ga babban tafkin a ɓangaren Maradun, ga hanyoyin ban-ruwa da suka ratsa gonakin shinkafa har Talata Mafara da Bakura, ga kuma Tafkin Natu. Inda ruwa ya kwana kuwa, tsuntsu ba ya buƙatar gayyata.

Sarauniyar wajen ita ce dinya. Tubarkalla! A duk agwagin dajin Afirka babu mai girmanta. Namijin yakan haura kilo 5. Ka gan ta tsaye a kan tudun yashi, baya baƙi wuluk, amma da rana ta huda hazo sai wani kore-kore ya riƙa walƙiya a fuka-fukan. Ciki fari tas, baki ja. A gwiwar kowane fiffike akwai wani tsini mai kauri wanda take faɗa da shi, shi ya sa ko karen farauta yake shakkar wadda aka raunata. Tashinta kuma sai ta ɗan yi gudu tukuna, fiffike na dukan iska fam, fam, fam, har ka ji a ƙirjinka.

Kirinjijiya ba ta da wannan ƙasaita, amma ita ce mai raya wurin. Fuska fara, wuya a miƙe, garke guda su tashi tare suna fito mai gaɓa uku, kamar an tashi 'yan makarantar allo.

Waɗanda suka fi burge ni su ne baƙi: ƙananan agwagin da ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha, su tsallako Bahar Rum da Sahara su iso mana wajen Oktoba. Ɗaya bai cika rabin kilo ba fa! Da farko duk launin ƙasa ne, ba ka bambanta mace da namiji. Sai wajen Fabrairu namijin ya fito da wani farin layi daga saman ido har ƙeya, alamar tafiya ta kusa. Muna yi wa shamuwa murna don ta zo da damina, su kuwa waɗannan ko sannu da zuwa ba sa samu.

Manomin shinkafa zai ce in zo in ga ɓarnar da dinya ke yi masa cikin dare, kuma yana da gaskiya. To amma kora ta isa, a bar harbin garke kan mai uwa da wabi. Mutane na niƙar hanya har Dagona a Jihar Yobe don irin wannan kallo, mu ga shi a bayan gari.

Ɗan'uwa, ka yi asuba, ka ja bargonka, ka nemi ɗan gari wanda ya san inda ke da lafiya a halin da ake ciki, kada ka yi nisa kai kaɗai. Ka je kafin Maris, don baƙin ba sa jiran zafi.