Farantin da ke turo taya waje

Duk ranar Alhamis, tun da asuba motoci ke bin hanyar Gumel zuwa Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci a bakin iyakar Nijar. Wasu daga Kano suke, sun biyo kwalta ta Gujungu da Gagarawa. Wasu kuwa daga ƙauyukan Sule Tankarkar, inda rairayi ke kafe mota. Masu bin irin wannan hanya ne kan so taya mai faɗi a Hilux ɗinsu. Matsalar ita ce faffaɗar taya takan gogi jikin mota ta ciki idan aka karya sitiyari. Maganin wannan shi ne sifesa, wani faranti mai kauri, galibi na alminiyam, da ake sawa tsakanin wili da hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kanta.

Gwanin bakanike ba ya fara taɓa sifana sai ya gama awo, don ramukan farantin su dace da kusoshin motar. Kusoshin Hilux galibi shida ne, a da'ira mai faɗin milimita 139.7. Golf 3 da aka saba gani a tasha galibi huɗu gare ta, a milimita 100. Ramin tsakiyar farantin ma dole ya zauna daram a wuyan hob, domin wuyan nan ne ke daidaita taya a tsakiya. In da ɗan sarari, sai mota ta kama rawa da zarar ta ɗauki gudu, direba ya yi ta zargin mai faci a banza.

Sai a samu wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a sa waigi. Ana sassauta notuna tun taya na ƙasa, sannan a ɗaga da jak, a tokare motar da ƙarfen tsayawa. Wanda ya san ƙasar Gumel ba ya yarda da jak shi kaɗai, don yashi na iya zamewa a ƙarƙashinsa.

Daga nan sai aikin da rago ke tsallakewa. Gwani zai zauna da burushin waya ya kankare tsatsa da ƙasa daga fuskar hob har ta yi sumul, ya shafa da tafin hannu ya ji. Ƙwayar tsatsa kaɗan ta isa ta hana faranti kwanciya, kuma in ta murƙushe a hanya, notin da aka ɗaure tamau sai ya saki. Ba ya kuma shafa giris a zaren kusa, wato tiredi, saboda santsi kan sa a zarce ƙima wajen ɗauri ba a sani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙirga. Sifesa siriri yana cinye tsawon kusa, don haka gwani kan murɗa noti da yatsu yana lissafi. Kusa mai kaurin milimita 12 tana son noti ya kama aƙalla milimita 12, zagaye takwas ke nan a tiredi mai tazarar 1.5. In bai kai ba, sai a sauya kusoshi da dogaye. Sifesa mai kauri kuwa da nasa kusoshin yake zuwa: a ɗaure shi a hob, a ɗaure wili a kansa, a tabbata tsofaffin kusoshin ba su leƙo sun tokare bayan wili ba.

Ɗaurin ma ba a jere ake yi ba. A ɗaure wannan, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, a dawo, kaɗan-kaɗan, don farantin ya kwanta ko'ina daidai. Akwai sifana mai ma'auni da ke yin ƙas idan ƙarfin da kamfani ya rubuta ya cika. Yaron gareji kan ce, "Oga, in sa bututu in taka?" Maigidan sai ya girgiza kai: taka sifana da ƙafa yana miƙar da kusa, wata rana ta karye da kaya a kai.

Kafin ya sallami mota sai ya juya tayar da hannu, ya karya sitiyari hagu da dama yana sauraro. Zai kuma gaya wa mai ita gaskiya: "Alhaji, sifesa na ƙara wa boris wahala, a rage lodi." Idan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a komo gareji a sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya, har da na cikin da wili ya rufe.