Wa Ke Yi Wa Mai Rawa Kiɗa?

A shekarar 2012 wani Ba'amurke baƙar fata, Kahlil Joseph, ya fitar da ɗan gajeren fim mai suna Until the Quiet Comes, wanda bai cika minti huɗu ba. An ɗauke shi a Nickerson Gardens, rukunin gidajen talakawa na unguwar Watts a birnin Los Anjalis. Babu hira a cikinsa, babu labari irin wanda aka saba. An harbe wani saurayi da dare, yana kwance cikin jini. Sai ga shi ya miƙe, ya ratsa mutanen unguwa da ke tsaye cirko-cirko, yana rawa kamar ƙafarsa ba ta taka ƙasa, har ya isa wata mota da ke jiransa. Mai rawar shi ne Storyboard P, gwanin rawar titi na birnin Niyok. Kiɗan na Flying Lotus ne, jikan ƴar'uwar Alice Coltrane, wato jaz gadon gidansu ne. Fim ɗin ya sami kyauta ta musamman a bikin Sundance na 2013, kuma ya cancanta.

Gadon Afirka da ke cikinsa ba na sutura ba ne, ba na ganga ba. Yana cikin tunanin cewa jiki na iya zama abin hawa, rawa kuma hanya ce tsakanin wannan duniya da wata. Mutumin Tasawa ko na Mayahi bai bukatar tafinta a nan, domin a harshen ƴan bori wanda iska ta hau sunansa doki ko goɗiya. Haka ake faɗi a Hayiti, shi ya sa Maya Deren, wadda ta fara zuwa can a 1947 da nufin ɗaukar rawa zalla, ta sa wa littafinta na 1953 suna Divine Horsemen, mahaya na gaibu. Ta kasa haɗa fim ɗin har ta rasu a 1961, sai a 1977 wasu suka harhaɗa shi. Ta gano cewa rawar ba ta rabuwa da hidimar da ake yinta dominta.

Amma akwai abin da ya ɓace a fim ɗin Joseph: makaɗi. Kiɗan daga wajen hoto yake sauka, an sarrafa shi a na'ura, ba mai kallon ƙafar saurayin, ba mai yi masa kirari. Wannan rashi ya dace da labarin da ake bayarwa, na jama'ar da aka raba da ƙasarta shekaru ɗaruruwa, aka bar mata motsin jiki ba tare da sunan mai ganga ba. Kaɗaicin mai rawar shi ne ma'anar fim ɗin.

A gwada shi da Tourou et Bitti, wanda Jean Rouch ya ɗauka a Simiri ta Zarmaganda cikin watan Maris na 1971. Mutanen garin sun yi kwanaki suna kiɗa domin neman tsari ga amfanin gona daga fara, ba wanda iska ta hau. Rouch ya saɓa kamara a kafaɗa, Moussa Hamidou na biye da shi yana ɗaukar sauti, ya shiga fili bai yanke ba har kusan minti goma. Makaɗan sun fara karaya, sai suka ga kamara ba ta tsaya ba, suka ƙara wa kiɗa wuta, nan take aka hau. Iskar da ta fara sauka kuwa Kure ne, wanda Zabarmawa ke lissafawa cikin iskokin Hausa. Rouch, mai son jaz tun yana saurayi a Paris, yakan kwatanta aikinsa da na makaɗan jaz masu ƙago sauti nan take, kowa na sauraren ɗan'uwansa. A wannan fim kaɗai kwatancen ya tabbata sosai: mai kamara ya zama ɗaya daga cikin masu amsa wa juna. Ya kuma san ɗacin akasin haka, domin fim ɗinsa na farko, Au pays des mages noirs na 1947, kamfanin da ya saye shi ya sake jera shi, ya ɗora masa kiɗa da sharhin da ba nasa ba.

Ba a wanke Rouch daga zargi ba. Tun a 1965 Sembène Ousmane ya tuhume shi da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari, kuma muryarsa ce, da Faransanci, ke fassara Simiri ga baƙi. Haka nan malamin da ke ƙyamar bori yana da hujjarsa. Sai dai maganar nan ta sana'a ce, ba ta aƙida ba, kuma ta shafi kowace rawa ta ƙasar Hausa.

A nan ganga magana take yi. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta masu gayya; ɗan kokawa da ɗan tauri kowa na da takensa, idan an kaɗa masa sai tsikar jikinsa ta tashi. Makaɗi na bin ƙafar mai rawa da ido, ya sassauta idan ta yi nauyi, ya zuga idan ta ɗauki zafi, mata su saki guɗa daidai gaɓar. Wannan kira da amsa shi ne dangantaka ta haƙiƙa tsakanin dandalin Tasawa da jaz na Amurka, ba kamannin sauti ba. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. To, ina ga an cire kiɗan ɗungurungum?

Abin da ake yawan gani ke nan a ƴan hotunan bidiyo da samari ke ɗauka da wayar salula a bukukuwa da wasannin makarantu. A ɗauki rawa mai kyau, a rage saurinta yadda aka gani a finafinan waje, a goge sautin fili, a ɗora waƙar fiyano ta ɗakin kiɗa. Hoto ya yi kyau, amma ƙafa na faɗin wani abu, kunne na jin wani. An ari kaɗaicin Watts an yafa wa mutumin da makaɗinsa ke zaune taku uku daga gare shi, an bar shi wajen hoto, ba a ko rubuta sunansa ba. Abin da ya zama dole ga Joseph ya koma asara ga ɗan Mayahi.

Ƙungiyar al'adu ko malamin da ke jagorantar ɗalibai ba ya bukatar kayan aiki masu tsada domin kauce wa wannan. Wayar da ke hannu ta fi kamarar Rouch ta 1971 sauƙin ɗauka, ba ta kuma ƙarewa a minti goma kamar faifansa. A tsaya inda makaɗi da mai rawa za su shiga hoto tare, a bar sautin fili yadda yake, da kirarinsa da guɗarsa da hayaniyar yara, kada a yanke sai taken ya kai ƙarshe. Wanda ke son gwaji sai ya yi shi a kan wannan: ya zagaya da kamara, ya kusanci hannun mai kalangu, ya bi ƙura. Bayan haka a rubuta sunan kiɗan, da na makaɗin, da garin, da shekarar.