Majigin Das Boot: Su Wa Aka Ƙidaya?

Mai karatu zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da majigin Jamusawa. To, ma'aunin da muke auna littafi da shi, wato jigo da zubi da salo, shi na ɗauka na auna Das Boot, wanda Wolfgang Petersen ya shirya a 1981 daga littafin Lothar-Günther Buchheim na 1973.

Labari ne na jirgin ƙarƙashin teku mai lamba U-96, wanda ya tashi daga gaɓar Faransa cikin 1941 don farautar jiragen fatake masu kai wa Ingila abinci da mai. Ta fuskar salo kam, ba ni da ta cewa. An kulle mai kallo cikin jirgin tare da matuƙa, ga zufa, ga burodi ya yi fumfuna, ga bamabamai suna fashewa ta bisa kai, har mutum ya ji numfashinsa yana sarƙewa.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Da yake tare muka sha wuya, sai mu tarar da kanmu muna yi wa mafarauci fatan tsira. Wanda ake farauta fa? Sau ɗaya tak muka gan shi sosai. Wani jirgin dakon mai yana ci da wuta, suka ƙara masa nakiya, sai ga mutane suna faɗawa ruwa, suna iyo zuwa wajensu. Kyaftin ya ce a ja da baya. Ko a nan ma an fi nuna mana fuskokin Jamusawan, don mu ga yadda abin ya dame su. Masu nutsewa kuwa ba suna, ba gari.

Wani zai ce ai labarin Jamusawa ne, su suka ba da abinsu. Na yarda. Sai dai tun a buɗewar majigin an yi ƙidaya, aka ce cikin matuƙa 40,000 da Jamus ta tura, 30,000 ba su komo ba. Matuƙan jiragen fataken Ingila da suka halaka a yaƙin su ma sun haura 30,000, cikinsu har da Indiyawa da Sinawa da mutanen Afirka ta Yamma. Wanda ya fara lissafi, don me zai tsaya a rabi? Ko jirgin Abosso na kamfanin Elder Dempster, wanda kafin yaƙi yake zirga-zirga tsakanin Ikko da Ingila, jirgi irin wannan ne, mai lamba U-575, ya nutsar da shi ran 29 ga Oktoba 1942. Mutum 362 suka mutu, 31 suka tsira.