Sauran mutum goma sha ɗayan nan: sake kallon 12 Angry Men daga Garun Malam

A bazarar da ta wuce na halarci wani zaman sulhu a gefen Kadawa, cikin ƙaramar hukumar Garun Malam. Ana zargin wani matashi da buɗe ƙofar ruwa cikin dare, ya karkatar da rabon maƙwabta zuwa gonar tumatirinsa. Duk mai noman rani daga Kura har Bunkure ya san ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga ba abin wasa ba ne. Kafin yaron ya buɗe baki, yawancin dattawan sun gama da shi. Ɗaya sai duba agogo yake, motar kaya na jiransa a Kwanar Gafan. Wani kuma tsohuwar jiƙaƙƙa ce tsakaninsa da uban yaron. Da na koma gida sai na nemo 12 Angry Men na sake kallo a waya, don fuskokin da na baro a can na taɓa ganinsu a cikinsa.

Fim ne na Amurka, mara kala, na 1957. A tsarin shari'arsu akan zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari su saurari ƙara, sannan a kulle su a ɗaki su yanke ko akwai laifi ko babu. A nan, yaro ne ɗan shekara 18 ake tuhuma da daɓa wa mahaifinsa wuƙa, kuma hukuncin kisa ne ke jiransa. Sha ɗaya suka ce ya aikata, ɗaya ya ce a tsaya a tattauna. Daga cikin minti 96 na fim ɗin, kimanin uku ne kawai ba a cikin wannan ɗaki ba.

Idan aka yi zancensa, Henry Fonda ake ambata, shi ne mai turjiyar. Ya cancanta, don shi da marubucin, Reginald Rose, su ne furodusoshi. Rose ya taɓa zama cikin irin waɗannan masu yanke hukunci a New York, daga nan ya rubuta labarin a matsayin wasan talbijin a 1954. Amma a ganina rawar Fonda ce mafi sauƙi a ɗakin. An sa masa farar kwat, an ba shi haƙuri da tattausar murya, tun fitowar farko ka san inda darakta ke so zuciyarka ta karkata. Har wuƙar da ya sayo a unguwar yaron ya zaro a gaban 'yan'uwansa, abu ne da doka ba ta yarda mai yanke hukunci ya yi ba, amma fim ɗin ya bar shi ya sha tafi.

Nauyin yana wuyan sauran. Lee J. Cobb, wanda ya fi kowa dagewa a kashe yaron, yana wasa kamar mai ɗauke da ƙurji a ciki: ɗansa na cikinsa ya guje shi, haushin nan yake son hucewa a kan ɗan wani. Lokacin da ya yayyaga hoton ɗan ya fashe da kuka, ba ka jin daɗin an kayar da shi, tausayi ne ke kama ka. Jack Warden shi ne mai duba agogon Kadawa, tikitin wasan ƙwallo na aljihunsa, ran mutum bai kai masa shi ba. Ed Begley ya zazzaga ƙiyayyarsa ga 'yan unguwar talakawa har sauran suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka ba shi baya. E. G. Marshall kuwa mai hankali ne, hujja kawai yake bi, shi ya sa ranar da gumi ya karyo masa sai ka ji shari'ar ta girgiza. Dattijo Joseph Sweeney, wanda ya lura da shatin tabarau a hancin matar da ta ba da shaida, da George Voskovec mai gyaran agogo, su biyun tun wasan talbijin suke riƙe da rawarsu. Voskovec ɗan gudun hijira ne daga Cekoslobakiya, kuma hukumomin Amurka sun taɓa tsare shi wata goma sha ɗaya a tsibirin Ellis bisa zato kawai. In ya tashi yana kare mutuncin shari'a, ka san daga ina muryar ke fitowa.

Sai mutum biyu da ba a gani. Sidney Lumet, wannan ne fim ɗinsa na farko bayan shekaru a talbijin. Ya tara 'yan wasan suka yi mako biyu suna gwaji kafin a kunna kyamara, aka ɗauki fim ɗin cikin kusan mako uku. Mai ɗaukar hoto Boris Kaufman ya riga ya ci Oscar da On the Waterfront. Dabararsu ita ce: da farko kyamara na kallon mutanen daga sama, a tsakiya ta sauko daidai ido, a ƙarshe ta koma ƙasa har rufin ɗaki ya bayyana, suna ta canja gilashinta don bango ya riƙa matsowa. Mai kallo ba zai lura ba, sai dai ya ji numfashinsa na ƙuntata. Wanda ya san zafin Afrilu a ɗakin kwano da fanka ta ƙi juyawa ba ya buƙatar bayani.

Mu da muka tashi da Kuliya Manta Sabo a talbijin ɗin Kano mun saba da wani salon: adalci na zaune a fuska ɗaya, ta Alhaji Daudu Galadanci a kujerar alƙali. Amma ko can, masu ƙara da waɗanda ake ƙara ne ke sa a zauna har ƙarshe, kowa da tasa gaskiyar a baki. Wannan ne na rasa a yawancin fitowar kotu ta finafinanmu na yanzu. A ɗauko babban jarumi a ɗora masa hular lauya, ya yi ta daka tsawa da Turanci, shaidu da 'yan kallo kuwa cikon benci ne da aka tattaro ranar ɗauka. Mai laifi an rubuta masa laifin a goshi, babu wanda kuskurensa zai sa ka tsargu da kanka. Ba rashin kuɗi ba ne, don Lumet ɗaki ɗaya da tebur ɗaya ya samu.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba lokacin fitowarsa, duk da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Balin a 1957. Babu mace ko baƙar fata ko ɗaya a teburin, wannan ma abin lura ne. Masu son na Indiya za su same shi a Ek Ruka Hua Faisla na Basu Chatterjee, 1986.

A Kadawa dai ba a samu mai tambayar wa ya ga yaron da idonsa ba, ni ma da nake zaune ban tambaya ba. An ci shi tara, mai duba agogo ya riski motarsa.