Gwanin da Ke Girka Lifta Ba Tare da Rushe Gida Ba

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta yi ta faɗaɗa, unguwanni irin su Gesse suka cika da gidajen siminti, cikinsu har da benaye. Magidancin da ya gina benensa a farkon shekarun jihar yana da ƙarfinsa, yau ya haura saba'in. Ɗakin kwanansa na sama, kuma tsakaninsa da falo akwai matakala 17 ko 18. Idan gwiwa ta fara ciwo, ko hawan jini ya taɓa ɓarin jiki, sai a sauko masa da katifa ƙasa, rabin gidan da ya gina da guminsa ya gagare shi shiga. Haka Hajiya ma, in shekaru suka ja.

Wani zai ce a yi gangare a maimakon matakala. Amma ƙa'idar gangaren keken guragu ita ce duk tashin mita 1 yana buƙatar tsawon mita 12. Benen da tsayinsa ya kai mita 3 zai ci gangare mai mita 36, ban da wuraren hutawa. Da wuya a sami gidan da ke da wannan filin a cikinsa. Nan ne aikin mai girka ƙaramar lifta ta gida yake shigowa, kuma aiki ne da ya cancanci yabo, domin gwaninsa shi ne wanda ya fi kowa taƙaita fashe-fashe.

Ranar farko ba ya zuwa da guduma. Tef ɗin awo yake riƙe da shi, da lebur, da littafin rubutu. Bayan gaisuwa, abin da zai fara tambaya shi ne: "Alhaji, zanen gidan yana nan?" In babu, sai ya karanta ginin da idonsa. Ina ginshiƙai suke? Ina bim ya ratsa? Ta ina bututun ruwa da wayoyin wuta suka bi? Sannan ya tambayi mutanen gidan: wa zai riƙa hawa? Baba yana iya tsayuwa, ko da keke za a shigar da shi? Akwai mai raka shi? Amsar waɗannan tambayoyi ce ke yanke girman akwatin liftar. Wadda za ta ɗauki mutum biyu a tsaye ba ta cin fili sosai, amma mai ɗaukar keke da ɗan rakiya takan nemi wajen mita 1 a faɗi da mita 1 da rabi a tsawo.

Daga nan sai neman gurbi, kuma a nan ake gane zurfin iliminsa. Wuri uku yake dubawa bi da bi. Na farko, tsakiyar matakala: benaye da yawa matakalarsu tana lanƙwasa ta bar fili a tsakiya tun daga ƙasa har sama, in ya wadata to an huta, ba za a taɓa kankare ba. Na biyu, jikin bango ta waje: a kafa hasumiyar ƙarfe a tsakar gida, a mayar da tagar ƙasa da ta sama ƙofofi, tunda kowace taga tana da lintarta, bulon da ke ƙarƙashinta kaɗai za a cire. Sai waɗannan biyun sun gagara yake komawa ga na uku, wato yanka dakin, kankaren da ya raba ƙasa da sama.

Yankan dakin shi ne inda hatsari yake. Kaurinsa a gidajenmu yakan kai santimita 15, rodi kuma a saƙe yake a cikinsa, kowane sanda yana ɗauke da nasa kason nauyi. Gwani ba ya yanka sai injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN ya duba ya amince. Yana bin saman dakin da na'urar gano rodi, ya shata layi da alli, ya guje wa bim ko da hakan zai sa ya matsar da ramin gefe. Kafin zarto ya taɓa kankare, ya riga ya tokare dakin daga ƙasa da sandunan ƙarfe. Yankan kansa da zarto mai haƙoran daimon ake yi, ana zuba ruwa don ƙura ta kwanta, ana sauke kankaren gunduwa-gunduwa. Ba ya yarda a sa injin fasa dutse, saboda girgizarsa tana tsattsaga filasta da tayil har a ɗakunan da ba ruwansu. In an gama, sai ya ɗaure bakin ramin da firam na ƙarfe, nauyin da rodin da aka yanke yake ɗauka ya koma kansa. Aikin kamar na tela ne mai buɗe aljihu a babbar riga da aka gama yi wa aiki: almakashi sau ɗaya yake shiga, kuma ba a ɗinke kuskure.

Abin da ya sauƙaƙa wannan sana'a shi ne irin injinan da ake ƙerawa yanzu. Liftar manyan ma'aikatu tana son rami mai zurfi a ƙasa da ɗakin inji a sama. Ta gida ba ta neman ko ɗaya. Akwai wadda kamfanonin Suwidin irin su Cibes da Aritco suka shahara da ita: doguwar sandar ƙarfe mai zare a tsaye, inji yana juya noti a jikinta, notin yana hawa da akwatin. Ramin da take so a ƙasa bai wuce santimita 5 ba, kaurin tayil da simintin ƙarƙashinsa ke nan, kuma da hasumiyarta take zuwa a wargaje, a haɗa ta a cikin gida. Akwai mai siffar bututun gilashi da ke aiki da iska: injin da ke sama yana zuƙe iskar da ke bisa akwatin, iskar ƙasa ta tura shi sama. Gudun irin waɗannan liftoci bai wuce santimita 15 a daƙiƙa ba, wato hawa ɗaya cikin daƙiƙa 20. Tafiya ce a natse, wadda ba ta firgita tsoho.

Wanda ya san ƙasarmu yana ƙara wasu lissafai da takardar kamfani ba ta faɗa ba. Wutar da Kaduna Electric ke rarrabawa a Kebbi tana zuwa tana ɗaukewa, ƙarfinta yana hawa yana sauka, don haka dole a sa sitabilaiza, a haɗa layin da inbata ko sola, a kuma tabbatar akwai batirin da zai sauko da akwatin ƙasa ya buɗe ƙofa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar tafiya. Zafin bazara a Birnin Kebbi yana wuce digiri 40, saboda haka ba ya kafa hasumiyar gilashi a bangon da ranar yamma ke duka ba tare da inuwa da mashigar iska ba. Ƙurar hunturu kuwa in ta haɗu da giris sai ta riƙa cin ƙarfe, shi ya sa yake toshe kafofi, ya kuma sa lokacin dawowa duba inji.

Gwajin ƙarshe shi ne abin da sana'ar ta gada tun 1854, lokacin da Elisha Otis ya tsaya a kan dandamali a birnin New York na Amurka, ya sa aka yanke igiyar da ke riƙe da shi a gaban jama'a, birkin da ya ƙirƙira ya kama. Mai girkawa yana loda wa akwatin nauyin da aka rubuta masa, ya kashe wuta da gangan, ya gwada ko ƙofar sama za ta buɗu alhali akwatin yana ƙasa. Sai duk sun yi daidai yake cewa, "Baba, bismillah, shigo."

Yawancin kamfanonin da ke wannan aiki suna Legas da Abuja ne, abin da ke ƙara tsada da jinkirin gyara. Ga kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su samar da hanyar shiga ga kowa, wa'adin kuma ya cika. Aiki yana nan yana jiran masu hannu. Matasanmu da ke karatun lantarki da kanikanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru su nemi wannan sana'a su koya da kyau. Mai shirin ɗora bene a Gesse ko Argungu kuma ya ce wa mai zane ya bar masa gurbin lifta tun yanzu, ko da zai fara amfani da shi a matsayin sito. Wanda kuwa gidansa ya riga ya tsaya, kada ya duba araha: ya nemi gwanin da zai auna kafin ya yanka.